Lisses: Garin Da Katanga Ta Zama Hanya

Duk baƙon da ya sauka birnin Paris akwai wuraren da ake sa ran zai fara kai wa ziyara: hasumiyar Eiffel, gidan tarihi na Louvre, cocin Notre-Dame, da babban titin Champs-Élysées, inda ido ke cin abin da aljihu ba ya iya saye. Ba kasafai ake jin wani ya ambaci Lisses ba. Ɗan ƙaramin gari ne mai nisan kimanin kilomita 30 kudu da birnin, mazaunansa ba su kai dubu goma ba, ba shi da fadar sarki, ba shi da kabarin wani shahararre. Amma daga wannan gari da maƙwabcinsa Évry ne aka samu salon motsi da ya canza kamannin finafinan faɗa a duniya cikin shekaru 25 da suka shige. Idan mai karatu ya taɓa ganin jarumi ya dafa katanga ya haye ta ba tsani, ya ƙetare daga rufin wani bene zuwa na wani, ya dira ya mirgina ya miƙe da gudu kamar ba abin da ya faru, to ya ga abin da yaran waɗannan garuruwa suka ƙago. Faransawa na kiran sa parkur. Mu kuwa muna iya ce masa wasan ƙetare shinge.

Wata ziyarar aiki ce ta kai ni Paris a ƙarshen damina ta wajenmu, lokacin da ganyen itatuwansu ke kaɗewa, sanyi ya fara kunno kai. Da na samu yini guda na sarari sai na nufi tashar Gare de Lyon, na shiga jirgin ƙasa na layin RER D mai zuwa kudu. Tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba, amma tana koya wa mutum abin da zaman wata guda a tsakiyar birni ba zai koya masa ba. Jim kaɗan da barin tashar jirgin zai ratsa babban titin zobe da ya kewaye Paris, mai tsawon kilomita 35. An shimfiɗa wannan titi ne a kan sawun tsohuwar ganuwar birnin, wadda aka gina a shekarun 1840 aka rushe ta bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma an kammala shi a watan Afrilun 1973. Ganuwar dutse ta tafi, ta kwalta ta maye gurbinta. A cikin zoben akwai mutane miliyan biyu da 'yan kai. A wajensa akwai kusan miliyan goma, a yankunan da ake kira banlieue, wato unguwannin bayan gari. Wasunsu na masu hannu da shuni ne. Amma idan Bafaranshe ya furta kalmar ya ɗan yamutsa fuska, an san waɗanda yake nufi: dogayen gidajen gwamnati, inda ma'aikatan masana'antu da baƙin haure da 'ya'yansu da jikokinsu suke zaune. Ana barin tasha ana shiga wata, fuskokin da ke cikin taragon suna ƙara canzawa, kunne na tsintar Larabci da Bambaranci da Lingala a tsakanin Faransanci.

Évry ba gari ne da ya girma da kansa a hankali ba; zana shi aka yi a takarda. A 1965 gwamnatin Faransa ta fito da tsarin rage wa Paris cunkoso, wanda ya haifar da sababbin garuruwa biyar a kewayenta, Évry na cikinsu. Masu zanen wancan zamani suna da wata aƙida: a raba mai tafiya a ƙasa da mota. Saboda haka suka bar tituna a ƙasa, suka ɗaga dandamalin kankare a sama domin mutane, suka haɗa su da ƙananan gadoji da matattakala da dogayen baranda. Sakamakon shi ne gari mai hawa-hawa, wanda ko'ina ka juya akwai dakali, ƙarfen dafawa, gajeriyar katanga, rata tsakanin gini da gini. A unguwar da ake kira Pyramides gidajen ma an jera su ne kamar matakala, kowane hawa ya ja baya ya bar rufin na ƙasa a fili. A tsakiyar garin akwai babban coci mai siffar tulun jan bulo da itatuwa a kansa, wanda Mario Botta ya zana aka kammala a 1995. Ba nisa akwai babban masallaci, akwai kuma wurin ibadar mabiya Buddha 'yan asalin Vietnam. Babba mai jakar cefane yana ganin wannan gari a matsayin wahala, domin sai ya hau ya sauka kafin ya isa inda yake hange da ido. Yaro ɗan shekara 14 wanda babu kuɗin shiga kulob a aljihunsa kuwa, wani abu dabam ya gani.

Daga tsakiyar Évry mutum zai gangara kudu maso yamma zuwa wani lambu mai tafki da ke kan iyakar Lisses. A bakin tafkin ne abin da ya kawo ni yake tsaye: Dame du Lac, wato Uwargidan Tafki. Wani bango ne na kankare mai tsawon mita 17, faffaɗa daga ƙasa, yana tsukewa zuwa sama kamar filafilan jirgin ruwa, jikinsa cike da ramuka da ƙusoshi da 'yan dakalai. Pierre Székely, masassaƙi ɗan asalin Hungary, shi ya yi shi a 1975 domin masu koyon hawan dutse, tunda yankin shimfiɗaɗɗe ne. A kan wannan bango ne wasu samari suka shafe ƙarshen shekarun 1980 da farkon na 1990 suna hawa da sauka ba igiya. Daga baya an kewaye shi da shingen ƙarfe, aka hana hawa saboda haɗari. Masu wannan wasa daga ƙasashe da yawa suna zuwa su tsaya a gabansa su ɗauki hoto, kamar yadda ɗalibi ke ziyartar tsohuwar makarantar malamin malaminsa. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne shirun wurin. Agwagi a ruwa, tsofaffi a kan benci, mata na tura keken jarirai. Babu abin da ya yi kama da hayaniyar da fim ya saba mana da ita.

Tarihin wasan ya girmi bangon. Ya faro ne daga wani hafsan sojan ruwa, Georges Hébert, wanda yake kusa da tsibirin Martinique a ranar 8 ga Mayun 1902, lokacin da dutsen Pelée ya yi aman wuta ya shafe garin Saint-Pierre, mutane kusan dubu talatin suka halaka. Hébert na cikin waɗanda suka yi aikin ceto, aka tsamo ɗaruruwan mutane. Abin da ya gani a ranar ya tabbatar masa cewa ƙarfin da ba zai iya ɗaukar wani ya fitar da shi daga wuta ba, ado ne kawai. Sai ya tsara wata hanyar horar da jiki a kan motsi goma: tafiya, gudu, tsalle, rarrafe, hawa, daidaita tsayuwa, jifa, ɗaukar nauyi, kare kai, da iyo. Takensa shi ne mutum ya yi ƙarfi domin ya zama mai amfani. Akwai wani abu da ya kamata ɗan Afirka ya sani a nan. Hébert da kansa ya bayyana cewa a tafiye-tafiyensa ya ga mutanen Afirka da jikinsu ya burge shi, waɗanda ba su taɓa shiga ɗakin motsa jiki ba, rayuwarsu ce ta horar da su. Yabo ne, amma yabo irin na zamanin mulkin mallaka, wanda ke ganin jikin baƙar fata ya manta cewa akwai tunani da tarbiyya a bayansa. Sojojin Faransa sun ɗauki tsarin nasa, daga nan aka samu filin horo mai shingaye da ramuka da katangu da suke kira parcours du combattant, wato tafarkin mayaƙi.

A irin wannan fili ne Raymond Belle ya tashi. An haife shi a 1939 a Vietnam, lokacin tana ƙarƙashin Faransa, yaƙi ya raba shi da iyayensa, ya girma a makarantar marayu ta soja a garin Da Lat. Bayan Faransa ta sha kashi a Dien Bien Phu a 1954 aka kawo shi Faransa, daga baya ya shiga rundunar 'yan kwana-kwana ta Paris, wadda reshe ce ta soja. Ya yi suna wajen ceto a wuraren da wasu ba sa iya kaiwa. A watan Janairun 1969, da wasu suka maƙala tutar mayaƙan Viet Cong a ƙololuwar hasumiyar Notre-Dame, shi aka sauke da igiya daga jirgi mai saukar ungulu ya cire ta. Ɗansa David, wanda aka haifa a Fécamp a watan Afrilun 1973, watan da aka kammala titin zoben Paris, ya koma Lisses yana matashi. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Labaran da uban ya ba shi na horo da ceto su ne ya ɗauka ya shimfiɗa a kan dakalan Évry da Lisses, shi da 'yan'uwansa da abokansa.

Su tara ne suka fi shahara: David Belle, Sébastien Foucan, Yann Hnautra, Châu Belle Dinh, Williams Belle, Laurent Piemontesi, Guylain N'Guba Boyeke, Malik Diouf da Charles Perrière. Wanda ya bi asalin iyayensu zai tarar da Vietnam, Kwango, Guadeloupe, New Caledonia da Italiya, kusan taswirar tsohuwar daular Faransa ce ta taru a filin wasa guda. A 1997 suka raɗa wa kansu suna Yamakasi. Da yawa na zaton kalmar Japananci ce, saboda amonta. Daga Lingala ta fito, harshen Kinshasa, tana nufin mutum mai ƙarfin jiki da ƙarfin zuciya. Shi kuwa sunan parkur, wani abokin David Belle ne, ɗan wasan kwaikwayo Hubert Koundé wanda ya fito a fim ɗin La Haine na 1995, ya ba da shawarar a ɗauki tsohuwar kalmar soja a sauya mata harafi, a datse wutsiyarta. Ƙa'idojin horonsu masu tsanani ne. Tsallen da aka yi sau ɗaya ba a lissafa shi, sai an maimaita. Wanda ya kai gaci amma ya ji ciwo, ana ɗaukar ya fāɗi. Abin da ɗaya ya yi, sauran ma sai sun yi. Ƙorafi kuwa babu wurinsa. Finafinan Bruce Lee da Jackie Chan, waɗanda suka cika gidajen silima na Kano da Kaduna a shekarun baya, su ne dai waɗannan yara suke kallo a can. Bambancin shi ne su sun samu gari mai siffar filin horo a ƙofar gida.

A hanyata ta komawa tasha na tsaya kallon wasu matasa da wani babba yake horarwa a wani dandamali. Na yi kusan awa guda, ban ga wanda ya hau abin da ya kai tsawon mutum ba. Daga wani dakali da bai wuce gwiwa ba suke tsalle zuwa wani, su dira a kan tafin yatsun ƙafa, gwiwa a lanƙwashe, su tsaya cik. Wanda dirarsa ta yi ƙara sai a mayar da shi baya, domin ƙara alama ce ta cewa gaɓoɓi ne suka sha nauyin, ba tsoka ba. Daga nan suka koma mirgina: a dira, a sa hannu, a bi ta kafaɗa ɗaya a fita ta ƙugun ɗaya gefen, yadda ƙashin baya ba zai daki ƙasa ba, nauyin faɗuwar ya bazu ya koma gudu. Kowane motsi da sunansa. Akwai tsallen kyanwa, inda ake dafa shinge da hannu biyu ƙafafu su bi ta tsakiya. Akwai tsallen hannu, inda ake kama bakin katanga a maƙale. Akwai tsallen daidaito, daga siririn wuri zuwa siririn wuri. Abin da na fahimta a wurin shi ne, tsalle ba shi ne ilimin ba. Kowa na iya tsalle. Hausawa sun ce tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, ya yi dubu bai fita ba. Ilimin yana cikin dira, kuma dira ita ce abin da fim ke ba wa daƙiƙa ɗaya bayan an shafe shekaru goma ana koyon ta.

Kafin yaran Lisses su shiga fim, Faransa na da tsohuwar al'adar jarumin da ke sa jikinsa a haɗari. Rufin gidajen Paris, waɗanda aka lulluɓe da tutiya mai ruwan toka tun gyaran da Haussmann ya yi wa birnin a ƙarni na 19, suna manne da juna kamar wata unguwa ta biyu a sama, kuma masu fim sun daɗe da gano haka. Tun 1915 Louis Feuillade ya sa ɓarayi masu baƙaƙen kaya suna yawo a kansu a cikin Les Vampires. Washegarin zuwana Lisses na je gadar Bir-Hakeim, mai hawa biyu, motoci a ƙasa, jirgin cikin gari a sama, hasumiyar Eiffel na kallon ta. A nan ne Jean-Paul Belmondo ya bi ta kan rufin jirgi yana tafiya, a fim ɗin Peur sur la ville na 1975, shekarar da aka kafa Uwargidan Tafki. Shi da kansa ya yi, ba wani aka sa ya tsaya masa ba, kuma wannan ne ya sa Faransawa suka riƙe shi a zuciya. Bayan rasuwarsa a 2021 aka sa wa hanyar da ke ƙarƙashin gadar sunansa. Ta fannin faɗa ma ƙasar ba baƙuwa ba ce. Tana da nata damben na harbi da ƙafa cikin takalmi, savate, wanda ya taso daga titunan Paris a farkon ƙarni na 19, kafin Charles Lecour ya gauraya shi da damben Ingila. Judo kuwa ya zauna da gindinsa har ya haifar da zakara irin Teddy Riner.

Wanda ya haɗa waɗannan igiyoyi wuri guda shi ne Luc Besson, mai shirya fim da ya san inda kasuwa take. A 2000 ya sa wasu daga cikin 'yan Yamakasi a Taxi 2, an rufe musu fuska. A 2001 aka yi fim da sunan ƙungiyar, ƙarƙashin umarnin Ariel Zeitoun, inda bakwai daga cikinsu suka fito; David Belle da Foucan sun riga sun kama gabansu. Labarin da kansa abin lura ne: wani yaro mai ciwon zuciya ya fāɗo daga bishiya yana kwaikwayon su, sai suka shiga gidajen manyan masu kuɗi domin haɗa abin da za a yi masa dashen zuciya. Wato tun a fim na farko an san cewa kwaikwayo na da farashi. A shekarar ce kuma Besson ya kawo Jet Li Paris a Kiss of the Dragon, inda wani Bafaranshe mai suna Cyril Raffaelli, wanda ya haɗa faɗan Sinawa da alkafurar makarantar wasan dabo, ya kara da shi.

Sai 2004, shekarar Banlieue 13, wanda Pierre Morel ya ba da umarni. David Belle ya fito a matsayin Leïto, ɗan unguwa; Raffaelli ya fito a matsayin Damien, ɗan sanda. Mintunan farko na fim ɗin su ne suka zagaya duniya. Yaran bos sun zo kama Leïto a wani dogon bene bayan ya lalata musu ƙwaya. Ya sulale ta 'yar tagar da ke saman ƙofa, ƙafa a gaba, ya bi baranda, ya yi lilo da igiya a jikin ginin, ya tsallake daga rufi zuwa rufi, masu bin sa suna zubewa ɗaya bayan ɗaya. Me ya sa wannan ya kama zuciya fiye da fashe-fashen da Amurka ke kashe miliyoyi a kansu? Dalili na farko shi ne ido ya san nauyi. Ko wanda bai taɓa karanta kimiyya ba ya san yadda jiki ke faɗuwa. Idan waya ce ke ɗauke da mutum, ko kwamfuta ce ta zana shi, akwai wani sauƙi na ƙarya da ke tona asiri. A nan kuwa ana ganin gwiwa ta karɓi nauyi, ana ganin ƙura ta tashi. Na biyu, kyamara na ja da baya ta nuna wurin tashi da rata da wurin dira a hoto ɗaya, don mai kallo ya auna da kansa. Yawan yanka hoto dabara ce ta ɓoye jarumin da bai iya ba. Na uku, mutanen biyu tambaya ɗaya suke amsawa ta hanya biyu. Raffaelli na bi ta cikin abokan gaba da naushi da harbi, Belle na bi ta samansu. Ga wanda ya tashi da finafinan kareti, inda jarumta ita ce tsayawa a yi ta ta ƙare, sabon abu ne a ga gudu ya zama bajinta.

Amma akwai dalili na huɗu, wanda sai da na tsaya a Évry ya fito mini sosai. A cikin fim ɗin an ce shekarar 2010 ce, gwamnati ta gaji da wata unguwar bayan gari, ta kewaye ta da katanga, ta rufe makarantu da ofishin 'yan sanda. Daga ƙarshe ya bayyana cewa bam ɗin da aka aiki Damien ya kwance, manya ne suka shirya ya tashi a can ya shafe unguwar da mutanenta. Saboda haka duk lokacin da Leïto ya haye bango, ba motsa jiki kawai ake kallo ba. Mutumin da aka zana wa iyaka ne yake nuna cewa abin da aka gina don ya tsare shi ya zama matakalarsa. Wannan sha'awa ba ta bukatar fassara, shi ya sa matasa a Khan Yunis da ke Gaza suka ɗauki wasan tun wajen 2005, suna yin sa a kan kufai.

Sai dai rayuwa ba ta bin rubutun fim. Ba a cika shekara guda da fitowar Banlieue 13 ba, a ranar 27 ga Oktoban 2005, a Clichy-sous-Bois da ke arewa maso gabashin Paris, wasu yara da ke dawowa daga ƙwallo suka ga 'yan sanda suka ruga. Uku daga cikinsu suka haura katangar wata tashar wutar lantarki don su ɓuya. Biyu, ɗan shekara 17 da ɗan shekara 15, wuta ta kashe su. Na ukun ya tsira da ƙuna. Tarzomar da ta biyo baya ta ɗauki makonni uku, an ƙona dubban motoci, gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci da wata doka ta 1955, wadda aka yi ta a zamanin yaƙin Aljeriya. Yaran ba 'yan parkur ba ne, kuma ba fim ne ya sa su gudu ba. Amma duk wanda ya san wannan labari ba zai sake kallon yaron bayan gari yana haura katanga da 'yan sanda a bayansa da ido ɗaya ba. Fim ya faɗi gaskiya game da katangar. Abin da ya ƙawata shi ne abin da ke bayanta.

Daga nan kasuwa ta buɗe. A 2003 Foucan ya fito a wani shirin talabijin na Ingila mai suna Jump London, a 2006 kuma shi James Bond ya kora a kan ƙarafan gini a farkon Casino Royale. An yi wa Banlieue 13 ci gaba a 2009, Amurkawa suka sake shi a 2014 da sunan Brick Mansions, suka mayar da labarin Detroit, David Belle ya fito tare da Paul Walker. Masu tallan takalmi da masu wasannin kwamfuta kowa ya ɗebi rabonsa. Hukumar wasannin alkafura ta duniya ta shigar da parkur ƙarƙashinta a 2018, duk da adawar ƙungiyoyin masu wasan da dama, waɗanda suka ce abin da aka ƙago ba don gasa ba bai kamata a sa masa alƙali da maki ba. An yi gasar duniya ta farko a Tokyo a 2022. A daren 26 ga Yulin 2024, wajen buɗe gasar Olympics, duniya ta kalli wani mai rufaffiyar fuska ɗauke da wutar gasar yana gudu a kan rufin tutiyar Paris. Birnin da ke cikin zobe ya ɗauki motsin yaran bayan zobe ya yi ado da shi a ranar bikinsa mafi girma. Ba za a ce kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi kai tsaye ba, domin waɗanda suka ƙago wasan sun samu suna da sana'a, wasunsu sun buɗe makarantu. Tambayar ita ce ko unguwannin da suka haife su sun samu kwatankwacin abin da hotonsu ya samar.

Ga matashin da ke kallon waɗannan tsalle-tsalle a wayarsa yana jin jininsa na tafasa, abin da Lisses ke faɗa a fili yake. Abin da ya burge ka gaskiya ne, ba siddabaru ba ne, kuma saboda gaskiya ne ya sa yake kisa idan aka fara daga sama. Waɗanda ka gani sun fara ne daga dakali mai tsawon gwiwa, sun maimaita har jikinsu ya haddace, suna da abokai da ke hana su abin da ba su kai ba, kuma a bayansu akwai ɗan kwana-kwana wanda ya koyi hawa don ya sauko da wani. Iya ruwa fidda kai, in ji Hausawa. Hébert da Raymond Belle sun ƙara da cewa a fidda na kusa. Ga masu tsara birane kuwa, darasin ya fi nauyi. Waɗanda suka zana Évry sun tanadi wurin mota da wurin kasuwa da wurin ofis, sannan wani masassaƙi ya bar bango ɗaya a bakin tafki wanda ba a biyan kuɗin hawansa. Daga wannan ɗan sarari ne aka samu abin da Faransa ke alfahari da shi a yau. Ƙarfin ƙuruciya ba ya zama wuri ɗaya; inda aka bar masa fili ya zama fasaha, inda aka toshe shi kuma ya nemi mafita da kansa, kamar yadda Clichy-sous-Bois ta shaida a 2005.